Fedar Jitata Ce Ta Karya Hannun Ya Kaltum

Anti Rahmat,

Don girman Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe ko da za ki ga kamar ba ta dace da filinki ba. Na san an saba kawo miki maganar aure da ta gado da ta 'ya'yan da suka ƙi jin magana. Ni tawa a kan wani ɗan akwatin ƙarfe ce da bai fi tafin hannu ba, amma yau sati uku ke nan ban san daɗin abinci ba saboda shi. Sunayen da zan ambata duk na canza su.

Ni asalina daga kudancin Borno ne, amma a Maiduguri na tashi, shekarata talatin da tara. Tun ina sakandare nake kaɗa jita a cocinmu. Ba yabon kai ba, a da in ana bikin aure ko sujadar godiya har daga wasu unguwanni ake zuwa arona. Da safe ina koyarwa a firamare, da yamma ina tare da mawaƙa. Haka nake har shekara tara da suka wuce, ranar da na je tasha karɓar buhun gyaɗa da mahaifiyata ta aiko daga gida, bam ya tashi kusa da inda nake tsaye. A jikina ban samu komai ba sai 'yan ƙwarzane. Mutane suka yi ta cewa na auna arziki, kuma gaskiyarsu ne, don wanda yake miƙo min buhun bai tashi ba. Amma kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama kuma ɗan kaɗan ya rage. Siririn sauti ba na jin sa sam. Matata Rhoda in za ta yi min magana sai ta tsaya a gabana na kalli bakinta. Abin da nake ɗan ji shi ne mai kauri, irin tirela in ta wuce ko tsawa in hadari ya haɗu.

Koyarwa ta gagara, aka mai da ni ɗakin ajiye takardu. Wannan na haƙura da shi. Jitar ce na kasa haƙura. Na yi ta gwadawa a coci, don yatsuna sun san hanya, amma ba na jin mawaƙa kuma ba na jin kaina. Wata Lahadi na ɗaga kai na ga shugaban mawaƙa yana ta yi min alama da hannu. Ashe tuni sun gama baitin, ni kaɗai nake ta tafiya, jama'a duk sun sunkuyar da kai don kada su kunyata ni. Daga ranar na sa jitar a jakarta na tura ta ƙarƙashin gado, ba tare da kowa ya ce min in daina ba.

Yanzu bari in gaya miki wace ce Ya Kaltum, don in ba ki san ta ba ba za ki gane girman abin da na yi ba. Ita ce mai gidan da muke haya a Wulari, dattijuwa ce Kanuri, ta haura saba'in, mijinta ya daɗe da rasuwa. Mu huɗu ne masu haya a gidan, amma ni ne bango ɗaya ya raba ɗakina da nata. Shekara goma sha huɗu muna tare. A shekarun da gari ya rikice, sau biyu tana shigar da mu ƙuryar ɗakinta, ta yafa wa Rhoda laffayarta, ita kuma ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa ta zauna da carbinta kamar ba abin da ke faruwa. 'Ya'yanta sun yi sun yi ta koma wurinsu Abuja, ta ce a gidan nan mijinta ya ajiye ta, daga nan kuma za a ɗauke ta. Rabin layinmu ya watse a lokacin, ita ko ƙunshi ba ta ɗaure ba. Da aka sallamo ni daga asibiti ita ta riƙa dama min kunu, tana yi min faɗa da Kanuri da ƙarfi a kunnen da ba ya ji, ni kuma ina gyaɗa kai. Tadanyi take ce min, wato ɗana.

Watan jiya abokina Caleb, wanda muka taso tare a ƙungiyar mawaƙa, ya dawo daga Jos da sabon abin da ya ɗauke masa hankali. Ya nuna min a waya wasu masu dogon gashi suna kaɗa jita kamar suna dambe da ita, ya ce sunan kiɗan metal. Ni dai ban ji komai ba, na ga ana ta girgiza kai, na yi dariyata. Sai ya ce ai sirrin yana cikin wani ɗan akwati da ake takawa da ƙafa, feda suke ce masa. Ana haɗa shi tsakanin jita da amfilifaya, wato akwatin da ke ƙara sauti, shi ne yake dagula sautin ya kumbura shi, har siririyar tsirkiya ta koma gurnani. Ya ce tunda mai kauri nake ji, me zai hana in gwada. Ya karɓo guda biyu a wurin wani mai shago da ya san shi, baƙa da ja, a kan in zaɓi ɗaya a mayar da ɗayar kafin ƙarshen watan nan da muke ciki. Muka gwada su a ɗakinsa da 'yar ƙaramar amfilifayarsa. Jar ban ji komai nata ba sai wani ɗan ƙaiƙayi can cikin kunne, Caleb ya ce ita dama kaifi gare ta, ba nauyi. Baƙar kuwa na ji wani abu can nesa, kamar ana niƙa a bayan layi. Ya ce kayansa ne ƙanana, in je in gwada da babba.

Faɗuwa ta zo daidai da zama, don babbar amfilifayar coci tana ɗakina. Ana sake rufin cocin, shi ya sa aka rarraba kayan a gidajenmu.

Ranar Asabar ce, wajen ƙarfe uku na rana. Rhoda ta tafi taron zumuntar mata a coci, an kawo wuta. Na rufe ƙofa da taga, don kunya nake ji a gan ni ina sake gwada abin da na kasa. Na jawo amfilifayar na jingina ta da bango a ƙasa, bangon Ya Kaltum, don a nan soket yake. Na haɗa baƙar feda, na taka, na kaɗa. Shiru. Na ƙara murɗa maɓallin ƙara, na kaɗa. Shiru. Na yi ta murɗawa, na fedar da na amfilifayar, har kowanne ya kai ƙarshe, zuciyata tana cewa shi ke nan, wannan ma ba rabona. Ina shirin kashewa sai na lura ashe kan wayar bai gama shiga cikin jitar ba. Na tura shi.

Anti, ban san yadda zan kwatanta miki ba. Wani abu ya doke ni a ƙirji, ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafata. Na ɗora gefen tafina a kan tsirkiyoyin yadda na ga masu dogon gashin nan suna yi, na shiga dukan mai kaurin, gajere-gajere, da sauri, in tsaya, in sake. Na ji. Wallahi na ji, da kunnena da haƙorana da cikina, kuma na san ni ne nake yin sa. Shekara tara rabona da in yi abu in ji shi. Hawaye suka tsinke min. Ba na jin na kai minti ɗaya aka ɗauke wuta.

Na durƙusa a wurin ina gode wa Ubangiji. Na fi minti goma sha biyar a haka. Da na buɗe ƙofa sai na ga tsakar gida ba kowa. Tukunyar maƙwabciyarmu tana kan wuta tana ƙonewa, takalma a warwatse ɗai-ɗai, ƙofar gida a wangale. Har a lokacin kaina bai kawo komai ba. Na fita na hango jama'a can ƙarshen layi a gindin darbejiya, wasu ba ko ɗankwali. A bakin zaure kuwa ga Ya Kaltum zaune a ƙasa, mata biyu sun riƙe ta, hannunta na dama ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwashewa.

Da ta gan ni sai ta fashe da kuka, ta miƙo hannun mai lafiya ta kama rigata tana shafa fuskata. Daga baya Rhoda ta warware min abin da maƙwabta suka gaya mata ya faru. Sun ji ƙara guda babba, sai wasu ƙanana a jere, kwanon rufi yana kaɗawa, jeren kwanonin Ya Kaltum ya zubo daga bango. Kowa ya zuba a guje, har da ita. Ta riga ta kai waje, sai ta tuna ni ina ciki kuma ba zan ji ba. Ta juyo za ta buga min ƙofa, masu fitowa suka bangaje ta a zaure, ta faɗi a kan hannun.

Tun a bakin zauren nan na gane ƙarar jitata ce. Kuma a nan ne ya kamata in buɗe baki, amma ban buɗe ba. Matasan unguwa masu sintiri suka zo suna tambayar gida-gida ta ina ƙarar ta fito. Da suka zo kaina na ce barci nake, ban ji komai ba. Babbansu ya dafa kafaɗata da tausayi, ya yi wa sauran alama su bar ni, ai kurma ne. Ba a taɓa yarda da ƙaryata da sauri irin na ranar ba.

Yanzu unguwa ta kusa mantawa. Wasu sun ce taransifoma ce, wasu sun ce gwajin makamai ake yi can bayan gari, matasa har sun fara tsokanar juna a kan wa ya fi gudu. Ya Kaltum ce ba ta manta ba. Ta ce ita ta san wannan ƙarar, kuma a kusa take, kuma tunda rediyo bai faɗi komai ba to ɓoyewa ake yi. Ta daina zama a ɗakinta, a tsakar gida take wuni da hannunta a ɗaure. In iska ta buga ƙofa sai ta zabura. Matar da ta zauna lokacin da kowa ya gudu, yanzu ta aika wa babban ɗanta Babakura ya zo ya ɗauke ta ƙarshen watan nan. Ta fara rabar da kayanta. Shekaranjiya ta ba Rhoda kaskon turarenta, ni kuma ta kira ni ta zaunar da ni a gabanta don in ga bakinta, ta ce ƙarfinta ya ƙare, ta ce in ɗauki matata mu ma mu tafi tun da wuri, don in sun dawo ba ta nan balle ta ɓoye mu. Na kasa kallon ta, kuma in ban kalle ta ba ba na sanin me take faɗa, haka na zauna ina kallon bakin tsohuwar nan yana yi min nasiha.

Rhoda ta sani. Da ta dawo ranar ta ga amfilifaya a jikin bango, ta ga feda a ƙasa. Ta naɗe wayar ta ɓoye. Ita take yi wa Ya Kaltum wanka da kitso yanzu. Ni kuwa in za ta yi min magana sai ta juya min baya, ina ganin kafaɗunta suna motsi, ban san me take cewa ba.

Ga abin da ya fi ba ni kunya, kuma shi ya sa na rubuto miki maimakon in je wurin fasto. Har yanzu ina son abin nan. Duk da abin da ya jawo, in ba kowa a ɗaki sai in fito da baƙar feda in ɗora ƙafata a kai, ba wuta ba waya, in rufe ido. Wane irin mutum ne ni?

Caleb yana jira in ba shi amsa. In na ɗauki jar, ba za ta girgiza bangon kowa ba, amma ni ma ba zan ji ta ba, sai dai in riƙa yi wa kaina ƙarya. In na ɗauki baƙar, ina zan kunna ta a garin da ko tayar mota ta fashe sai an watse? Ko in mayar da duka biyun in koma yadda nake? Maganar faɗin gaskiya kuwa ina tsoro. Ni baƙo ne a layin, Kirista ne kuma, ina gudun a ce da gangan na yi. Ina gudun abin da Babakura zai yi in ya ji ni na karya uwarsa. Amfilifayar ma ta coci ce, ban tambayi kowa ba na kunna. Fiye da duka ina tsoron yadda Ya Kaltum za ta kalle ni. Wani lokaci sai in ce ai gara ta tafi Abuja ta huta, ga 'ya'ya ga jikoki ga asibiti mai kyau, me zai sa in tayar da abin da ya kwanta.

Ki gaya min wacce zan zaɓa, Anti. Kwana goma sha ɗaya suka rage.

Mai Jita,
Wulari, Maiduguri.

*

Malam Mai Jita,

Sannu. Sannu da abin da ya same ka shekara tara da suka wuce, sannu kuma da wanda ka jawo wa kanka sati uku da suka wuce. Na karanta wasiƙarka sau uku.

Ni fedar da na sani a duniya ita ce ta keken ɗinki, don haka ban tsaya yi maka kame-kame ba. Na ɗauki wasiƙar na je wurin Manasse, wani mai gyaran kayan kiɗa da ke bayan layinmu, wanda ya yi shekara ashirin yana haɗa sauti a majami'u da wuraren biki. Na kuma kira wata ƙawata likitar kunne. Zan fara da abin da ka tambaya, tunda shi ka tambaya, sannan in zo kan abin da ya sa ka rubuto.

Manasse ya ce ka haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Kaurin sauti daban, ƙarfin ƙara daban. Aikin feda shi ne ta dagula sautin ta cika shi, kuma tana iya yin haka ko da an rage ƙara har jariri na barci a ɗaki na gaba. Abin da ya zubo da kwanonin Ya Kaltum amfilifayar da aka yi don ɗakin sujada mai cin ɗaruruwan mutane ce, an ƙure ta, an ajiye ta a ƙasa, an manna ta da bango. Ƙarar farko da ta fi tsorata mutane ma ba kiɗa ba ce, tura waya ne a cikin jita alhali komai yana ƙure, abin da ya ce ko almajirin sana'ar ba ya yi sau biyu. Don haka a tsakanin biyun, baƙar za ka ɗauka. Sayen jar asara ce, tunda a inda kunnenka ya mutu take aiki. Sai dai ya ce kafin ka ce wa Caleb to, ka duba ko baƙar tana da maɓallin kauri daban, na tsakiya daban, na kaifi daban, don ka ƙara abin da kake ji ka rage wanda ba ka ji amma yake huda kunnen wasu. Ka duba kuma ko tana yin shiru in ka ɗauke hannu daga tsirkiya, don irin waɗannan suna tattaro duk wani ƙugin wuta su kumbura shi, musamman in da janareta ake aiki. In tana da ramin abin sawa a kunne, ya fi kyau. In ba ta da waɗannan, a nemo wata mai irin muryarta da take da su, ba gaggawa.

Amfilifayar coci ka mayar wa coci. Ka nemi ƙarama, ka ɗora ta a kan benci na katako nesa da bango, ka zauna a kan bencin, ko ka jingina bayanka da ita. Katakon zai kawo maka abin da ka ji a ƙirji ba tare da ya kai wa maƙwabta ba. Kuma kai ba za ka sake zama mai auna ƙara ba har abada, don ba ka da ma'aunin. Rhoda za ta tsaya a tsakar gida, ka riƙa ƙarawa a hankali, inda ta ɗaga hannu a nan za a ɗiga jan farce a jikin maɓallin. Ko kana kai kaɗai ba ka wuce ɗigon nan.

Likitar kuwa faɗa ta yi. Ta ce ɗan jin da ya rage maka a dama shi ne dukiyarka, kuma minti ɗaya irin na ranar Asabar yana iya ɓare wani abu daga ciki wanda ba ya dawowa. Ta ce ka je a auna kunnen kafin ka sake kunna komai, musamman kafin ka sa wani abu mai ƙara a cikinsa, ka kuma gaya wa mai aunawar gaskiyar abin da kake son yi.

Ka tambaye ni wane irin mutum ne kai da har yanzu kake son abin. Mutum ne kai da aka ƙwace wa abu shekara tara, ya sake taɓa shi na minti ɗaya. Ba laifi a cikin wannan, kuma kada ka mayar da fedar don ka hukunta kanka, hukuncin ba zai ɗora ƙashin kowa ba. Ƙarar ma ban kama ka da laifinta sosai ba. Ganganci ne, amma ba ka san abin da ke fita ba. Su ma da suka gudu ba wauta suka yi ba, wanda maciji ya taɓa sara ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Inda na kama ka shi ne bakin zaure. Ka ce ba ka ji komai ba, ka fake da lalurarka, mutane suka ji tausayinka. Ita ma ƙaryar ranar farko zan iya cewa ruɗewa ce. Amma yau kwana ashirin da ɗaya kana maimaita ta kowace safiya da ka gaishe da tsohuwar nan ka wuce. Hannunta zai warke, in Allah ya yarda. Abin da ba zai warke da kansa ba shi ne ta yarda sun dawo. Kowa a layinku ya fita daga ranar Asabar ɗin, ita tana ciki har yanzu, kuma shirunka ne ya rufe ta a ciki. Kana cewa gara ta je Abuja ta huta. In da don jikoki za ta tafi, da ni ma na ce a raka ta da addu'a. Amma gudu za ta yi, daga gidan da ta ƙi bari lokacin da abin yake na gaske, kuma tsoron zai bi ta har can. Wannan ba hutu kake nema mata ba, kanka kake nema wa.

Tsoronka ba na banza ba ne, ban raina shi ba. Akwai wanda zai ce da gangan ka yi, kullum akwai irinsa. Babakura zai iya tafasa, kuma yana da haƙƙi, uwarsa ce. Shi ya sa za ka bi abin daki-daki. Ka fara da Rhoda yau, ka faɗa mata da bakinka abin da ta riga ta sani, don ta gaji da ɗaukar maka shi. Gobe da hantsi ku je wurin Ya Kaltum ku biyu, kafin kowa ya ji. Ka durƙusa, ka faɗa mata duka, har da kukan da ka yi, har da dalilin da ya sa ka yi shiru. Ka tafi da fedar a hannu ba tare da waya ba, ta gan ta, ta taɓa ta in tana so. Kada ka kunna mata don ka tabbatar da maganarka, sai in ita ta nema, kuma ba ranar ba. Daga nan ka ɗauki fastonku ku je wurin bulama, wato mai unguwa, ya tara masu sintirin ka ba su haƙuri, ka bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, har da mai tukunyar da ta ƙone. Babakura kuma ya ji daga bakinka a waya tun kafin ya kamo hanya, Rhoda ta riƙe wayar ta faɗa maka abin da ya ce. Za a zage ka, za a yi maka dariya, wataƙila sunan da za a laƙa maka ya bi ka har tsufa. Duk wannan ka iya ɗauka.

In komai ya lafa kuma ka fara kiɗanka, ka tsayar da lokaci guda da rana wanda kowa a gidan ya sani, ba lokacin salla ba, ba lokacin da tsohuwa take hutawa ba, kuma kullum a leƙa a gaya mata kafin ka taka. Ku mutanen Maiduguri kun fi ni sanin bambancin ƙarar da aka sanar da wadda ta zo ba sallama.

Wani abu kuma, ɗana. Ka ce ka canza sunaye. To kurame nawa ne masu kaɗa jita a Wulari, a gidan tsohuwar da ta karye sati uku da suka wuce? Ranar da jaridar nan ta fito ka gama gaya wa duk Arewa, saura mutum ɗaya. Ina jin ka san haka lokacin da kake rubutawa. Shi ya sa na aika maka wannan amsar kafin a buga ta, kuma zan riƙe wasiƙar sati guda kafin in bari ta fita. Kada ka bari wani ya karanta mata.

Ba zan yi maka alkawarin za ta fasa tafiya ba. Za ta iya yin fushi, za ta iya daina kiran ka da sunan da take kiran ka, za ta iya shiga motar Babakura duk da haka. Wannan nata ne. Amma in ta tafi, ta tafi tana jin haushin ɗanta mai ganganci, ba tana waiwayen gari ba. Mai ɗori ya yi nasa, Rhoda tana yin nata, 'ya'yanta za su yi nasu. A duk faɗin Maiduguri kuwa kai kaɗai ne za ka iya duban matar nan ka ce mata ba su dawo ba, kana da tabbacin abin da kake faɗa. Tashi ka je ka gaya mata.

Allah ya sa ƙashin ya kama, ya mayar mata da barcinta a ɗakinta, ya tsare maka ɗan jin da ya rage, ya kuma zaunar da garinku lafiya.

Anti Rahmat.